Motar Baɗi

Abubuwa da yawa na ƙuruciya sun goge a kaina, amma ba zan taɓa iya mantawa da ranar da na ɗauki ƙanwata Yagana daga Nguru zan kai ta ɗakin miji a Gashuwa ba. Ko na so in manta ma dangi ba za su bari ba. Har yau in aka taru wurin suna ko biki, sai wata ta karkato ta ce a ba yara labarin motar baɗi.

A cikin shekarun tamanin ne, lokacin muna jihar Barno tukuna. Ina koyar da lissafi a wata sakandare a Gashuwa, danginmu kuma suna Nguru. Tun a wancan lokacin ina da wata cuta da har yanzu ban gama warkewa ba: son yin bayani. In ka tambaye ni ƙarfe nawa, sai na gaya maka yadda agogo ke aiki. Ɗalibaina sun gano lagona, duk ranar da ba su yi aikin gida ba sai ɗaya ya ɗaga hannu ya jefo tambaya, su kuma su gyara zama har a kaɗa ƙararrawa.

A shekarar ne na haɗa ɗan abin da na daɗe ina tarawa da kuɗin shanun gadona, na sayi mota sabuwa dal daga Kano, fara sol, kujerunta ko ledar ba a cire ba. Direban masu sayarwa ne ya kawo min ita har ƙofar gida da lambarsu ta wucin-gadi. Ya kwance lambarsa, ya ci tuwo, ya hau jirgin ƙasa ya koma. Aka bar ni da mota ba lamba gaba da baya, da zuciya kamar ta fashe don murna.

Washegari na nufi tasha in tambayi yadda ake yanka lamba da sauri. Can na samu Ba Modu, wani tsohon dillalin motoci Babarbare, wanda duk motar da ta canja hannu a Nguru sai ta bi ta gabansa. Yana zaune a gindin dogon yaro yana ɓare goro. Ya gama jin buƙatata ya gaishe ni da Barbarci ya ce, “Wushe, Malam. Yau nawa ga watan Turawa?”

Na ce sha biyu ga Disamba.

Ya ce, “To in ka yanka mata lamba yau, ranar ɗaya ga Janairu shekarunta nawa?”

Na ce kwananta ashirin. (Lissafi fa aikina ne.)

Ya ce, “A wurinka ke nan. A wurin alhazan kifi da na hatsi, shekararta ɗaya cif. Ba sa duba agogon tafiya, sun san akwai makanikin da ke mayar da shi baya. Takarda suke buɗewa su ga shekarar da aka fara yi mata rajista. Motoci biyu sun fito rana ɗaya, ɗaya an yi mata lamba ƙarshen Disamba, ɗaya farkon Janairu, ranar sayarwa tsakaninsu kuɗin bijimi ne mai ƙiba.”

Na ce ai ni ba sayarwa zan yi ba.

Ya yi dariya har goro ya sarƙe shi. “Duk motar da na sayar a tashar nan, mai ita haka ya faɗa ranar farko. Kai ta gida ka lulluɓe. Kada tayarta ta taɓa kwalta sai Janairu. Ka ji sharaɗin? Kada ta taɓa kwalta.”

Wallahi ji na yi kamar an buɗe min wata ƙofa a cikin kai. Na koma na lulluɓe motar da tamfol a filin bayan gidanmu, na dannanne da duwatsu saboda awaki. Daga nan kuma cutar ta motsa. Ba wanda ban yi wa bayani ba. Kafin a ba da hutu na zana abin a allon ɗakin malamai, da layi biyu da kibiya. Na yi wa mai shayi, na yi wa wanzami yana riƙe da aska a wuyana. Sunan Ba Modu ya ɓace daga labarin tun a rana ta biyu, dabarar ta zama tawa.

Abin da na ƙi sawa a lissafin shi ne Yagana. Mahaifinmu ya rasu tana ƙarama, ni na tsaya mata har ta gama makarantar horon malamai ta fara koyarwa a firamare. Ita ta zaɓo mijinta, wani ma’aikacin asibiti Babade mai sanyin hali, kowa ya yi na’am. Ranar da aka sa biki na tambaye ta abin da take so in yi mata, gado ko keken ɗinki. Ta ce, “Yaya, kayan ɗaki su Gwaggo sun gama. Ni dai tun da ka ce za ka sayi mota, ka kai ni da kanka. Da Baba yana nan shi zai raka ni.” Na bugi ƙirji na ce ƙanwata ba za ta shiga motar haya ba. Ta gaya wa ƙawayenta, ƙawayenta suka gaya wa Nguru, dangin ango suka gaya wa Gashuwa.

An sa bikin kuwa Asabar ɗin ƙarshe ta Disamba, saura kwana uku a shiga sabuwar shekara.

Mai hankali zai je ya yanki lamba ya manta da bijimi. Ko kuma ya zaunar da ƙanwarsa ya gaya mata gaskiya a nemi wata motar. Ni kuwa sai na zauna na yi tunani irin na masu ilimi, na ce wa ke tsayar da motar amarya? Kowa ya san al’adar hanyar nan. In masu duba takardu suka hango mota da ado, mata na guɗa, sai su janye katakonsu, a miƙa musu goro da alawa, su yi addu’a a wuce. Kuma ba a rasa kwali a gaban motar biki. Saboda haka na samo kwali biyu, na yanka daidai gurbin lamba, na rubuta ALLAH YA BA DA ZAMAN LAFIYA da kyakkyawan rubutuna na allo, na ɗaure gaba da baya, na kewaye da ƙyalle ja da kore.

Ba Modu ya zo ɗaurin aure, ya tsaya ya daɗe yana kallon kwalin. Ya ce, “Malam, ni mota na ce a lulluɓe, ban ce a lulluɓe gurbin lamba ba.” Na ce kada ya damu, an yi lissafi.

Da za a fito da amarya bayan azahar, Yagana ta ɗan ɗaga lafayarta ta ce a hankali, “Yaya, an dai sa lambar ko?” Na ce, “Komai ya kammala.” Wannan ita ce ƙaryar da ta fi ci min rai a duk labarin, don ko sake tambaya ba ta yi ba.

Mako guda ana gyaran yarinyar nan. Turaren wuta safe da yamma, humra, dilka, har in ta gifta sai ka rantse wani kanti aka buɗe. Aka sa ta a kujerar baya tare da Gwaggo Zara, ƙanwar mahaifinmu, mace mai baki kamar reza. Sauran mata da kayan gara suka cika wata bas. Na ce wa direban bas ɗin ya yi gaba abinsa, sabon inji ba a matsa masa, kuma ba na son tayarsa ta watso min tsakuwa a fenti. Ya taka wuta ya ɓace. Muka biyo baya a hankali kamar masu ɗauke da ƙwai, duk ramin da na hango sai na kewaye shi da ladabi.

A Jajimaji muka tarar da shingen masu duba takardu: ganguna biyu da katako mai ƙusoshi. Motoci uku na gefe an tsare su, direbobin na zaune a inuwa sun yi tagumi. Wani jami’i dogo ya taso, sunansa Bitrus a ƙirjin rigarsa, mutumin Filato ne amma Hausarsa ta fi tawa daɗi. Yana ganin adon ya washe baki, ya sa ƙafa ya janye katakon. Ku lura da kyau: ya janye katakon. Hanya ta buɗe. Gwaggo ta miƙa masa goro da alawa, ya ce Allah ya sa alheri, Allah ya kawo ’ya’ya masu albarka. Sai ya shafa gaban motar ya ce, “Kai, Malam, wannan mota ta yi kyau! Ta bana ce ko?”

Amsar tambayar nan kalma ɗaya ce. Ko jaki aka koya wa magana zai ce “eh” ya wuce. Ni kuwa sai na ji bakina ya ce, “Ta baɗi ce.”

Ya ce, “Ta baɗi? Yaya mota za ta zama ta baɗi ga ta tana tafiya bana?”

Gwaggo ta yi wani tari mai ma’ana. Ban ji ba. An yi min tambaya, tambaya mai kyau kuma, irin wadda malami ke shekara bai samu ba. Na kashe mota (eh, da hannuna na kashe ta), na fito na gyara babbar riga, na tsinci wani kara na fara zane a ƙasa. Layi na farko motar Disamba, layi na biyu motar Janairu. Na kawo maganar agogon tafiya, na kawo ta alhazan kifi. Direbobin da aka tsare suka taso suka kewaye ni. Ogan su Bitrus, wani mai tumbi da ke kishingiɗe a benci, shi ma ya taso ya tsaya yana gyaɗa kai. Ban taɓa samun aji mai natsuwa irin wannan ba. Na rufe da cewa, “Kun ga ke nan, duk wanda ya yi gaggawar yanka lamba a watan nan, ya yanka bijiminsa ya ba iska.”

Bitrus ya ce, “Gaskiya Malam ka iya koyarwa, na fahimta sarai. Wato dai yanzu motar nan ba ta da lamba?”

A nan karan ya faɗi daga hannuna.

Ya durƙusa ya ɗaga kwalin da yatsa biyu, kamar mai buɗe tukunyar da ya riga ya san ba komai a ciki. Ya zagaya baya ya ɗaga ɗayan. Wani daga cikin direbobin ya ce, “Ranka ya daɗe, ni takardata jiya-jiya ta mutu, tun hantsi nake nan. In aka saki wanda bai ma taɓa yin takarda ba, wallahi sai dai a sake mu gaba ɗaya.” Oga ya miƙo hannu, na sa masa makulli.

Bitrus ya ja ni gefe ya rage murya. “Malam, na buɗe maka hanya. Ban tambaye ka takarda ba. Kai ka kashe mota, ka tara min shaidu, ka kira min oga. Yanzu ko ɗan’uwana ne kai ba abin da zan iya.”

Gwaggo ta fito ta yi roƙo, ta haɗa su da Allah da iyayensu, ta ce a bari a kai yarinya a dawo da motar. Oga ya ce da amarya ba shi da matsala, mota ce ba za ta motsa ba. Da ta ga ba ci, sai ta juyo kaina. Ba zan maimaita abin da ta faɗa ba, amma ta faro ne tun daga ranar sunana, kuma direbobin nan sun ce ta fi ni iya bayani.

Duk wannan bai dame ni ba kamar lokacin da na leƙa motar. Yagana na zaune yadda aka ajiye ta, hannuwanta da lalle a kan cinya. Ba ta yi kuka ba. Ta ce, “Yaya, ka ce min komai ya kammala.” Na so ƙasa ta tsage in shige. Yarinyar nan abu ɗaya ta taɓa roƙona a rayuwarta, ni kuma na sa shi a sikeli da bijimin da ko ganinsa ban yi ba.

Bas ta yi nisa, ba waya a lokacin balle a kira ta. Muka zauna jiran abin hawa. Motar haya biyu suka wuce maƙil, har da mutane a kan but. La’asar ta yi, rana ta fara sanyi. Can sai ga wata babbar mota ta taho daga Nguru tana nishi, tun kafin ta iso hancinmu ya gaya mana abin da ta ɗauko: banda ce, kifi busasshe kwali a kan kwali, za ta bi ta Gashuwa ta gangara kudu. Bitrus da kansa ya tsayar da ita ya roƙi direban arziki. Direban, wani mai fara’a, ya ce shi da ɗaukar amarya ai alheri ne, ya kakkaɓe kujera da hularsa. Gaba mutum biyu kawai take ɗauka bayan shi. Amarya da Gwaggo suka shiga. Ni, yayan amarya, mai farar mota, na tattare babbar rigata ta shadda na hau can ƙololuwar kwalaye na riƙe igiya.

Ta babbar hanya muka shiga Gashuwa, gari kuma duk ɗalibaina ne, ga shi ana hutu kowa na waje. Wasu suka durƙusa suna gaishe ni daga ƙasa. Wani shaƙiyyi ɗan aji huɗu ya biyo mu a keke yana cewa, “Sannu da hanya, Malam! Nawa kwali?”

Ƙofar gidan ango ta cika. Matan bas sun daɗe da isa sun ba da labari cewa amarya na tafe a mota sabuwa, ledar kujera ma ba a cire ba. An share wuri, an yayyafa ruwa, makaɗa sun gaji sun huta sun sake tashi. Motarmu ta zo ta tsaya daidai wurin da aka share. Abokan ango suka taso da faɗa: “Kai direba, ba ka da ido ne? Matsa gaba, amarya na tafe!”

Direban ya leƙo ya ce, “Ai ita na kawo.”

Kiɗa ya tsaya. Maroƙin da ya riga ya ɗaga murya yana “ƙanwar mai farar mota” ya bi motar da kallo tun daga taya har sama, muka haɗa ido. Allah ya isa tsakanina da mutumin nan, don maimakon ya yi shiru sai ya ƙarasa: “Ga mai farar motar can a sama!” Wurin saukowa rigata ta maƙale a ƙugiya, sai da mutum biyu suka sauke ni kamar buhun gero.

Uwar ango ta rungume Yagana, sai na ga hancinta ya motsa. Mace ce mai kirki, ta dai aika a ƙaro garwashi da turare. Amma turaren mako guda ya riga ya sha kaye a hannun bandar rabin sa’a. An ce min a ranar magen maƙwabta ba ta bar ƙofar ɗakin amarya ba.

Tun a Jajimaji Oga ya ce in ban kawo takarda ranar Litinin ba, magana ta tafi kotu. Litinin ɗin kuwa ita ce ranar ƙarshe ta shekara. Na biya tara, na je ofishin lasisi, na roƙi akawu ko zai rubuta min kwanan watan jibi, tunda gobe hutu ne. Ya dube ni ta saman tabarau ya ce, “Ba kai ne malamin Jajimaji ba?” Ya buga hatimi: talatin da ɗaya ga Disamba. Da na bi hanya tun farko da motata ta yi kwana ashirin kafin ta tsufa. Da dabarata, kwana ɗaya ta yi ta zama ta bara.

Bayan shekara huɗu, ni da na ce ba zan sayar ba, na kai ta gindin dogon yaro. Ba Modu ya miƙo min goro. Ya kawo wani alhajin kifi, alhajin ya buɗe takarda ya ga shekara, ya zabge kuɗin bijimi kamar yadda aka faɗa. Har mun kusa sallamawa sai ya ƙura min ido ya ce, “Tsaya. Ba kai ne ka hau motar banda ranar bikin ƙanwarka ba? Ai kifina ne! Kwali biyu ka murƙushe min da zama.” Ya ƙara zabge wani abu, na ce na sallama.

Yagana kuwa ta yi wata uku tana gaishe ni gaisuwar baƙo. Sai da na je har ɗakinta na zauna a ƙasa na ce na yi ƙarya, na yi son kai, ta yafe min. Ta ce motar kifin ba ta dame ta ba, direban ma ya yi ta ba su dariya a hanya. Abin da ya tsaya mata shi ne ta tambaye ni na dube ta na ce komai ya kammala.

Shekaru suka wuce, aka zo aurar da babbar ’yarta. Na je da wata motar, na ce a ba ni dama in biya abin da ya wuce, ni zan kai amarya. Yagana ta fito da mayafinta a gaban jama’a, ta zagaya gaban motar ta sunkuya ta taɓa lambar, ta girgiza ta ta ji ko a ɗaure take, ta zagaya baya ta yi haka. Sannan ta miƙe ta ce, “To Yaya, ka kai ta. Amma duk wanda ya tambaye ka wani abu a hanya, ka ce masa eh.”

Tun daga bikin Gashuwa, duk abin hawan da na saya, ko keke ne, ranar nake yi masa takarda, bijimin ya tafi abinsa. Ranar da na kai ’yar Yagana kuwa, a shingen Jajimaji wani jami’i ya leƙo ya tambaye ni ko na san dalilin da ya sa motocin yanzu ba sa ƙarko. Na sani sarai, dalilai huɗu ne. Na damƙe sitiyari da hannu biyu, gumi na keto min, na ce masa, “Eh.”